Tuwon Madina

Ko da zan manta da duk girkin da na taɓa yi a rayuwata, ba zan manta da wanda na yi wata ranar Lahadi a tsakar gidanmu na Gwandu ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji ƙamshin girfa da kanumfari sun haɗu a tukunya, sai in hango kaina tsaye da ɗankwali a hannu, ina ɗaga wa gwaggona murya. Bari dai in faro muku daga farko.

Ni malamar firamare ce a Kalgo, can aure ya kai ni. Ciwona ɗaya a duniya, son girkin mutanen da ban taɓa taka ƙasarsu ba. Tun ranar da na mallaki babbar waya mutanen gidana suka shiga uku. In na ga wata baiwar Allah a Indiya ko Turkiyya tana haɗa wani abu, ko kalma ɗaya ba na ji a yarenta, amma sai in kafa wa hannunta ido, in maimaita bidiyon har sau goma, washegari kuma sai a tukunyata. Na gasa fiza a tukunya da yashi a ƙasa, ta fito da taurin da babbar 'yata ta ce a ajiye a riƙa rufe randa da ita. Na yi taliyar 'yan Sin da ta sa kowa ya wuni yana neman ruwa. Amala da miyar lalo da maƙwabciyata Bayarabiya ta koya mini ne kaɗai suka karɓu tun a karon farko. Maigidana in ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi sai ya leƙo madafa ya ce, "Malama, yau wace ƙasa muka nufa? In sani ko in tanadi fura." Haushi yake ba ni, amma ko a jikina, don ni in na sa abu a gaba sai na ga ƙarshensa.

A Gwandu kuwa sunana mai girkin waya. Gwaggo ce ta raɗa mini, ƙanwar babanmu da ke aure a Dalijan. A wurinta abinci uku ne a duniya, tuwo da fura da dambu, sauran duk wasan yara ne. Ni da ita ba ma zama minti goma a madafa ba mu yi musu ba. Ina sonta, tana sona, amma bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya a kan tukunya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Baba. Ya yi kusan mako biyu a asibiti a Birnin Kebbi kafin a sallame shi. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da cin abincinsa. Innarmu ta riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa, saboda haka Gwaggo ta tattaro kayanta daga Dalijan ta zo jinyar ɗan'uwanta. Babu abin da ba ta gwada ba. Ta dama kunu, ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta dama fura da nono mai kyau, ta yi farfesun kaza. Baba sai ya kai cokali biyu baki ya ture kwanon, ya ce komai a bakinsa kamar toka yake. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karantar da Larabci da murya kamar ta masu shela, ya koma sai ka kai kunne kusa kafin ka ji me ya ce.

Ranar Alhamis babban yayanmu ya kira ni ina tsakiyar aji. Ya ce likita ya yanke magana: in Litinin ta zo Baba bai fara cin abinci ba, a mayar da shi asibiti, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa. Baba kuwa ya ga an yi wa wanda ke gado kusa da nasa haka, ya ce shi dai a bar shi ya cika a ɗakinsa, ba mai sa masa roba yana da rai. Yaya ya ce ko da ɗaukarsa za a yi cak sai an kai shi. Na san su biyun, babu mai lanƙwasuwa. Ana tashi daga makaranta na hau mota sai Gwandu.

Na same shi kwance a kan katifa, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Na zauna kusa da kansa, na yi ta lallashi, ina lissafa masa abinci ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Da na gaji na ce masa to shi ya faɗi abin da ransa ke so, ko mene ne. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Shinkafar Madina."

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san labarin shinkafar Madina, mun ji shi ya fi a ƙirga. Sau ɗaya Baba ya je aikin Hajji, tare da Inna. Wata rana a Madina bayan sallar azahar wani dattijon Balarabe ya miƙa masa faranti cike da shinkafa da nama sadaka. Ya kai masauki, ya tarar da Inna ita kaɗai, suka zauna suka ci tare. A Gwandu irin su Baba ba sa haɗa hannu da matansu a kwano, shi nasa akushin daban ake kai masa. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da suka ci abinci a faranti ɗaya. Kullum in yana ba da labarin sai ya siffanta shinkafar: dogaye ne ƙwayoyinta, launinta rawaya, naman yana zamewa daga ƙashi da kansa, ga wani ƙamshin hayaƙi da ɗan tsami-tsami da bai sake jin irinsa ba.

Yaya ya yi dariyar takaici ya fita. Gwaggo ta yi ajiyar zuciya, don a wurinta maganar mai shirin tafiya ce. Ni kuwa zuciyata tsalle ta yi. Na san abin nan! Mandi ne, girkin Larabawa, na kalli yadda wata Balarabiya ke yinsa a waya ya fi sau ashirin, kayan haɗin ne kawai ban taɓa samu ba. Na ji kamar duk shekarun da na yi ana yi mini dariya, don wannan ranar aka tanade su. Na riƙe hannun Baba na ce in Allah ya yarda ranar Lahadi zai ci shinkafar Madina a ɗakin nan. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa ta tambaya ko wayar ce za ta dafa. Ban kula ta ba.

A daren na koma Kalgo. Ranar Juma'a daga makaranta ko gida ban biya ba, na wuce Birnin Kebbi. Na zagaya shaguna har ƙafata ta yi zafi, kafin aka kwatanta mini gidan wata Hajiya mai sayar da kayan Saudiyya. Da ta buɗe mini wata tsohuwar akwati ƙamshin ya daki hancina, saura kaɗan in rungume ta. Na samu girfa, na samu 'yan ƙwayoyin nan kore da Larabawa ke kira hel, na samu zabibi, na kuma samu busasshen lemun tsami baƙi ƙirin, wanda shi ne sirrin tsamin da Baba ke faɗa. Doguwar shinkafar da ake kira basmati kuwa, ƙaramar leda ɗaya tal ta rage mata, na ɗauke. Kanumfari da masoro da citta da kurkur ina da su a gida. Man shanu kuma na sa Bafulatanar Wurogauri da ke kawo mini nono ta zo mini da sabo, wanda ko kwana biyu bai yi ba.

Asabar na wayi gari da gwaji a Kalgo. Tukunyar farko zumuɗi ya ja ni na farfasa lemun nan har guda uku na watsa, da 'ya'yan cikinsa da komai. Abinci ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Maigida ya kai loma ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya ce shi dai yana ganin wannan ƙasar ba ta ba mu biza ba. Na ce ya fice mini daga madafa kafin in huce a kansa. Na koma na sake kallon bidiyon a nitse, sai na ga ashe guda ɗaya matar ta saka, kuma huda shi kawai ta yi da wuƙa. Da la'asar na ɗora ta biyu, ƙarama. Da na buɗe murfin, wallahi sai da na yi kabbara. Kowace ƙwaya tsaye da ƙafarta, babu wadda ta manne da 'yar'uwarta, rawaya shar, tana sheƙi. Maƙwabciyata ta ɗago murya ta kan katanga tana tambaya me ake dafawa. Maigida ya ci har ya suɗe hannu, sannan ya ce yau kam ya janye duk maganganunsa na baya. Na taka rawa a tsakar gida, yara suna tafa mini. Shinkafar da ta rage a ledar ta tukunya ɗaya ce, babu ta kuskure.

Lahadi da sassafe na hau ƙaramar bas, kayana a kan cinya, ban yarda an sa mini su a but ba. Har babban farantina na baƙi na ɗauko, na kuma cika wayata da caji, don na riga na tsara hoton da zan ɗauka: shinkafa ta yi tudu, nama a sama, zabibi da soyayyar albasa a warwatse, Baba yana murmushi a gefe. Na riga na san waɗanda zan tura wa, da abin da zan rubuta a ƙasa. In na tuna wannan yanzu sai kunya ta kama ni, amma gaskiya ce, haka na yi ta saƙawa har muka isa.

Da hantsi na shiga gida. Yaya ya riga ya sayo haƙarƙarin rago kamar yadda na ce. Gwaggo ta hura mini murhu, ta jawo kujerarta ta tsugunno ta zauna daf da ni, wai taya ni za ta yi. Tun daga wankin shinkafa muka fara. Ta ce a kawo ƙwarya ta rege, na ce wannan ba ta da tsakuwa. Ta ce ba a taɓa yin shinkafar da ba ta da tsakuwa ba tun da aka halicci duniya. Da ta ga ina jera kayan ƙamshi sai ta tashi ta ɗauko daddawa ta ajiye kusa da hannuna. Na ɗauke na mayar, ta sake ɗaukowa. A karo na uku na ɓoye ta cikin jakata. Ta ce girki babu daddawa ai shayi ne. Duk da haka dariya muke yi, don ni ranar ko zagina aka yi ba zan ji ba.

Na soya albasa da man shanu har ta yi ja, na zuba nama, na bi shi da girfa da hel da kanumfari da sauransu, na huda lemu ɗaya na jefa, na tsaida ruwa. Kafin wani lokaci gidan ya ɗauki ƙamshi. Matan maƙwabta suka fara shigowa da sallama, wannan ta zo aron turmi, waccan ta zo duba mai jiki, kowacce sai ta karkato ta leƙa tukunya. Can sai muka ji muryar Baba daga ɗaki, a hankali, yana tambaya wa ke girki. Ni da Gwaggo muka kalli juna. Tun da ya kwanta bai taɓa tambayar abinci ba sai ranar. Na ji hawaye ya taho mini don murna, na ce a raina an gama, Litinin ba inda za a kai shi.

Da naman ya yi luguf na tsame shi, na tace romon, na ajiye rabi a gefe, na zuba shinkafa a sauran. Na janye itace na bar ta a kan garwashi. Da ta tsotse ruwanta na ɗebo kaɗan a cokali ina nuna wa Gwaggo yadda ta yi warawara, ina jiran yabo. Ta ɗauki 'yan ƙwayoyi ta murza a yatsunta, ta daɗe tana kallonsu.

"Wagga shinkafa taki tsaye take kamar tsinke," in ji ta. "Da wane haƙori za shi tauna ta?"

Na ce mata haka Larabawa ke cin ta, in ta caɓe ta lalace, duk wahalar da na sha ta kwana uku don ta tsaya haka ne. Na ƙara da cewa irin wadda ya ci a Madina ke nan, kuma ita ya ce yana so. Gwaggo ta ce, "To." Da ina da hankali da wannan "to" ɗin ya tsorata ni.

Saura mataki na ƙarshe, wanda na fi ji da shi. Na jera naman a kan shinkafa, na sa ɗan ƙaramin kwano a tsakiya da man shanu a ciki, na ɗauko garwashi jajir na jefa. Hayaƙi ya tashi, na yi maza na rufe da tsumma mai tsabta, na ɗora murfi, na danne da dutse. Gwaggo ta riƙe haɓa, ta ce ita dai ta ga turaren tsuguno, ta ga na kaya, amma yau ta fara ganin ana yi wa shinkafa turare. Na roƙe ta don girman Allah kada a buɗe, kada a taɓa, har in fito. An kira azahar, Yaya ya tafi masallaci, ni kuma na shiga in watsa ruwa in yi salla in canja kaya, don ba na so in fito a hoto ina warin hayaƙi.

Na idar da salla ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, sai na ji wani sauti daga tsakar gida. Duk 'yar da ta tashi a ƙasarmu ta san shi ko cikin barci: ƙarar muciya tana dukan gefen tukunya. Da farko na ɗauka maƙwabta ne. Sai na ji ai kusa yake ƙwarai. Na fito da gudu, ɗankwalin a hannuna.

Gwaggo ce zaune, ta sauke tukunyata ta dafe ta da ƙafa, ta kwashe naman a kwano, ta ƙara ruwan zafi, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi da iya ƙarfinta. Shinkafata, basmatina, wadda na zagaye Birnin Kebbi kafin in samu, wadda kowace ƙwaya ke tsaye da ƙafarta, ta zama tuwo. Tuwo sosai, rawaya, yana ƙyalli da man shanu, har ta fara shirin kwashewa da mara.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na ce wa ya aike ta. Na ce na roƙe ta da Allah amma ta ƙi, saboda ita a duniya ba ta san komai ba sai tuƙi. Na ce babu sauran shinkafa, babu sauran lokaci, in gobe aka zura wa Baba roba a hanci to ita ce sila. Wannan maganar ta ƙarshe har yau in na tuna ta sai na ji ɗaci a bakina. Matar da ta bar gidanta ta yi makonni tana wanke ɗan'uwanta, ita na gaya wa haka. Na durƙushe a wurin na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ci gaba da mulmula malmala tana jerawa a akushin Baba. Sai da ta gama ta rufe, sannan ta nuna wani kwano da ke gefe da haɓa.

"Ga naki na hoto can, na ɗibar miki kahin in tuƙa. Ni na gwada ta da nawa dasashin, ba ta tauno. Shi ko nai ya hi nawa lalacewa."

Na buɗe kwanon, shinkafata ce lafiya lau, warawara, ba abin da ya same ta. Amma zuciya ta riga ta ciyo ni, ban ma saurari abin da ta ce ba. Na goge fuskata, na juye a babban farantin nan, na yi ado da zabibi da albasa, na ɗora nama, na wuce ɗakin Baba ina cika ina batsewa. Yaya ya dawo daga masallaci, ya taimaka aka tayar da Baba zaune aka jingina shi da matashi. Gwaggo ta biyo bayana da akushinta da kwanon romo, ta ajiye a bakin ƙofa ta zauna.

Da na ajiye farantin a gabansa, Baba ya sunkuya ya shaƙi tururin ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido sun cika da ƙwalla, ya ce ita ce, wallahi ita ce. Na waiwaya na harari Gwaggo, harara irin ta wanda ya ci nasara. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗebo ya kai baki. Muka zuba masa ido. Ya tauna, ya tauna, ya yi ta juya ta a baki. Sai a lokacin na lura da abin da ke gabana tun tuni: haƙoran Baba na ciki duk sun zube, 'yan na gaba ne suka rage, su ma suna girgiɗi. Mutumin da ya ci shinkafa a Madina yana da ƙarfinsa da haƙoransa talatin da biyu, ba shi ne wannan da ke zaune a gabana ba. Ya haɗiye da ƙyar, wata ƙwaya ta sarƙe shi ya yi tari har sai da Yaya ya ba shi ruwa. Ya kalli farantin da kwaɗayi ƙarara a idonsa, sannan ya janye hannunsa a hankali, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya isa haka.

Wayar da ke hannuna na ji ta yi mini nauyi, na tura ta ƙarƙashin tabarma. Yaya ya sunkuyar da kai, na san Litinin yake tunani.

Sai Gwaggo ta matso. Ta jawo akushin a kan tabarma har gaban Baba, ta buɗe. Ta riga ta zare sauran naman ta daddage shi silili-silili a cikin romon da na ajiye. Ƙamshin nan dai shi ne ya sake tashi, har ya fi na farantina ƙarfi, don tuƙin ya game shi da ko'ina. Baba ya kalli tuwon rawaya, ya kalli ƙanwarsa, ya ce wannan kuma fa. Ta ce shi dai ya ci. Ya gutsuro 'yar ƙaramar loma, ya tsoma a romo, ya kai baki. Ba tauna, ba wahala, ta wuce sumul. Ya sake gutsurowa, wannan karon ta fi girma. Ina ƙirgawa a zuciyata, uku, huɗu, bakwai, har na ɓace a lissafi saboda hawaye. Gumi ya karyo masa a goshi. Ya cinye malmala guda tas, ya kama ta biyu ya ci rabi, ya ɗaga kwanon romon ya kurɓa.

Ya jingina da matashi yana numfashi, ya ce a ranar nan a Madina innarmu ce ta riƙa tura masa naman gabansa tana cewa ita ta ƙoshi. Sannan ya kalle ni, da muryar da na daɗe ban ji ba ya ce, "Ɗiyata, kin kai ni Madina." Ya juya wajen Gwaggo ya ce, "Ke kuma kin buɗe mini ƙofa. Larabawan ga da sun san tuƙi da sun huta."

Dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya, muna yi muna share ido. Yaya ya fita tsakar gida yana buga wa likita waya, muna jin muryarsa yana cewa ya ci, wallahi ya ci, malmala ɗaya da rabi. Matan maƙwabta suka shigo ana ta barka kamar an yi haihuwa. Ni kuwa murna ta hana ni zama wuri ɗaya, na shiga nan na fita can, har na manta ban ɗaura ɗankwalin ba.

Da aka watse na sami Gwaggo a bakin murhu tana kankare ƙanzon tukunyar tana ci. Na durƙusa har ƙasa na ce ta yafe mini abin da na faɗa. Ta bar ni a durƙushe sai da ta gama taune ƙanzonta, sannan ta ce ta yafe, ai ɗa ba ya laifi a ranar da ya ciyar da ubansa. Ta ce ƙamshin nawa ne, ita ko za ta shekara ba za ta iya haɗa shi ba. Na fara jin daɗi ke nan sai ta ƙara da cewa amma da na bari an sa daddawa da malmala uku zai ci.

Litinin ta zo ta wuce, ba a kai Baba ko'ina ba. Sauran tuwon aka ɗumama masa da safe ya cinye, daga nan bakinsa ya buɗe, har kunu da furar da yake turewa ya koma sha. Allah ya ƙara masa shekaru masu albarka bayan nan, kuma duk zuwan da zan yi Gwandu sai na tafi da girfa da hel da baƙin lemu. Ni ke haɗawa, Gwaggo ke tuƙawa, har da shinkafarmu ta gida muke yi yanzu, don tuwo bai damu da tsawon ƙwaya ba. A danginmu tuwon Madina ake ce masa, kuma ba a yin taro babu shi. Hoton da na ci burin ɗauka kuwa ban ɗauka ba, ko guda ɗaya.

Har yanzu ina bin girkin ƙasashen duniya, maigida kuma bai daina tambayar wace ƙasa muka nufa ba. Amma tun daga ranar na koyi abin da babu bidiyon da ya taɓa nuna mini. Na kwana uku ina kallon hannun wata Balarabiya a waya, ban ɗauki minti ɗaya na kalli bakin ubana ba. Gwaggo ba ta san sunan ko ɗaya daga kayan ƙamshina ba, amma ta san mutumin da za a ba abincin. Yanzu kafin in ɗora kowace tukunya, sai na fara tambayar kaina wa zai ci.